Tambayi Lauya: An Harbe Ɗana, An Ce In Bar Wa Allah

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Shekara uku ke nan da wasu jami'an tsaro suka harbe ɗana a wani shingen bincike, yana dawowa gida a kan babur bayan isha'i. Ko allura ba ya ɗauke da ita. Dangi sun ce in bar wa Allah, wai ba a shari'a da gwamnati, kuma lokaci ya riga ya wuce. Haka ne?
Daga wata uwa, Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa'alaikumussalam Hajiya. Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙurin wannan rashi.

Lokaci bai wuce ba. Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar wa kowa haƙƙin rayuwa, sashe na 46 kuma ya buɗe ƙofar Babbar Kotu ga wanda aka tauye. Ƙa'idojin ƙarar take haƙƙi na 2009 sun ce babu wa'adin da ke kashe irin wannan ƙara, kuma ke mahaifiyarsa kina da hurumin shigar da ita. Ana shari'a da gwamnati har a kayar da ita. Mutanen Odi a Bayelsa, waɗanda soja suka ruguza wa gari a 1999, kotu ta yanke musu diyyar naira biliyan 37.6 a 2013.

Sai dai ba zan yaudare ki ba. Neman diyya a hannunki yake, amma gurfanar da wanda ya yi harbin a hannun gwamnati yake, kuma a nan maganar take tsayawa. Mu mutanen Zazzau ba sai an ba mu labari ba. Bayan abin da ya faru tsakanin soja da mabiya Sheikh Ibrahim Zakzaky a Disambar 2015, a Husainiyya da Gyallesu, gwamnatin Kaduna da kanta ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammad Lawal Garba. Rahotonsa na 2016 ya ce an kashe fararen hula 348, an binne 347 a kabari ɗaya a Mando, ya kuma ba da shawarar a hukunta masu hannu a kisan. Har yau ba a gurfanar da ko soja ɗaya ba. Ko mutum yana ƙaunar 'yan Shi'a ko ba ya yi, wannan lissafin gwamnati ne, ba jita-jitar majalisar mai shayi ba.

Akan dace wani lokaci. Matasa shida, yawancinsu 'yan kasuwar Apo, da aka kashe a Abuja a 2005, sai a 2017 kotu ta yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa. Ko diyyar ma, bayan kin ci shari'a, doka ta ce sai Antoni Janar ya amince kafin a taɓa asusun gwamnati, wato wanda kika kayar shi za ki roƙa ya sa hannu.

Abin da ya fi karya mu a kotu shi ne shaida. Mutum ya rasu da dare, kafin azahar an kai shi makwanci, babu likitan da ya rubuta inda harsashi ya shiga. Addini ya ce a gaggauta, gaskiya ne, amma alƙali takarda yake karantawa. Don haka ki duba ko asibiti sun ba ku wata takarda, ko akwai hoton raunin a wayar wani. Wanda ya yi masa wanka shaida ne. Rigar da ke jikinsa a daren, in tana nan, kada a wanke ta. Mai shago ko mai shayin da ke kusa da shingen wataƙila ya riƙe lambar motarsu ko sunan da ke ƙirjin kaki.

Ki kai ƙorafi a rubuce ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke Kaduna, ba a biyan ko sisi, ki tabbata an buga hatimi a kwafinki. In kuɗin lauya ne matsala, akwai hukumar gwamnati mai ba marasa ƙarfi lauya kyauta. Shaidun kuwa a kai su su yi rantsuwa a rubuce tun yanzu, kafin wani ya tashi daga unguwar ko tsoro ya rufe masa baki.