Ajiye shebur, salbiyar ba ta mutu ba tukuna

Ɗana, ka ce salbiyar da aka bar maka kula da ita, wato furen lambun nan da ake kira Salvia, ta zama busassun karare tun shigowar hunturu. Ga ƙanƙara ta narke, sauran furanni sun fara toho, ita kuwa shiru, shi ne kake tambaya ko a tone ta a dasa wata. Ajiye shebur ɗin nan tukuna. Salbiyar da masu lambu ke kashewa da hannunsu bayan sanyi, suna zaton gawa ce, ba kaɗan ba ce. Abin yana ƙona mini rai, domin shuka ce da ta jure watanni cikin wahala, sai ana gab da ta farfaɗo a zo a tumɓuke ta.

Fara da sanin wacce ce a gabanka. Salbiya ta kai kusan iri 1,000, duk dangin na'ana'a ne, kara mai kusurwa huɗu, ganye biyu-biyu suna fuskantar juna. Amma ba ƙasa ɗaya suka fito ba, kuma kowacce da halin ƙasarsu take shiga hunturu.

Akwai 'yan Turai, irin su Salvia nemorosa, wadda daga cikinta aka fitar da 'Caradonna' da kuma 'Ostfriesland' (ita 'Ostfriesland' Ernst Pagels ne ya fitar da ita a Jamus a 1955). Waɗannan ba sa ba da wahala. Sanyin digiri 25 ƙasa da sifili ba ya kashe su. Samansu ya bushe, amma in ka buɗe gindin za ka tarar da ƙananan ganye a kwance jikin ƙasa, suna jira. Yanke tsofaffin karare har ƙasa, ka wuce abinka.

Akwai masu itace, gajeru masu rassa da yawa, irin Salvia greggii da Salvia microphylla, 'yan tsaunukan Meziko da kudu maso yammacin Amurka. 'Hot Lips' mai fure ja da fari tana cikinsu. Su a jikin rassansu suke toho, don haka ransu yana sama, inda iska ke dukansa. A ƙasa mai tsane ruwa sukan jure wajen digiri 10 ƙasa da sifili.

Taka, yadda ka kwatanta mini ita, doguwa mai fure launin shunayya mai duhu da ƙoƙon fure kusan baƙi, 'Amistad' ce, wadda Rolando Uria ya samo a Ajantina. Ita da Salvia guaranitica ta Kudancin Amurka halinsu ɗaya: sanyi na farko mai daskarar da raɓa yakan ƙone samansu gaba ɗaya, rai ya koma ƙarƙashin ƙasa, cikin saiwa masu kauri da suka tara abinci. Ba sa motsi sai ƙasar kanta ta yi ɗumi, ta haura digiri 10 ta zauna a nan. Rana ɗaya ko biyu na hasken rana ba ya ruɗarsu. A ƙasashen arewa masu sanyi, sai watan Mayu, wani lokaci ma har Yuni, sannan ka ga kan tsiro. Wanda ya yanke mata hukunci a Afrilu ya zalunce ta.

Amma kada ka tsaya a kan maganata, je ka duba da hannunka. Durƙusa a gindinta, ka kawar da ƙasa da yatsu a hankali, kamar santimita 3 zuwa 5, daidai inda kara ya haɗu da saiwa. In wurin da tauri, ka kankare shi kaɗan da farce ka ga fari ko kore-kore mai danshi, tana da rai. Sau da yawa za ka ci karo da idanun toho, farare ko ja-ja, gajeru, a manne da gindin kara, sun ɗago kai ba su kai ga fasa ƙasa ba. Mayar musu da ƙasarsu. In kuwa wurin ya yi baƙi, ya yi laushi, ka matsa ruwa ya fito da ɗoyi, ka ja karan ya taho ba gardama, to ta tafi, sai haƙuri. Masu itacen kuma a reshe ake gwada su: kankare ɓawo daga sama, in ka ga launin ruwan ƙasa kuma a bushe ka sauko ƙasa kaɗan, ka yi ta saukowa har ka tarar da kore. Nan ne iyakar ɓarnar.

Wani abin kuma da kan yaudari mai lambu shi ne dodon koɗi, musamman marar kwanson nan. Tohon 'Amistad' yana da taushi, suna sonsa ƙwarai. Yakan fito da dare a cinye shi kafin gari ya waye, kai kana ganin ba ta tsiro ba alhali kullum tana ƙoƙari. Fita da tocila bayan duhu ya yi, ka duba. In ka ga sawun yauƙi mai ƙyalli a kan ƙasa, ka san ɓarawon. Tsince su, ka ci gaba da sa ido har tsiron ya kai tsawon yatsa ya yi ƙwari.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. In salbiya ta mutu a hunturu, mutane sanyi suke zargi, alhali mafi yawan lokaci ruwa ne ya kashe ta. Yawancinsu 'yan gangaren dutse ne, inda ruwa ke wucewa nan da nan. Ka dasa irin wannan a yumɓu mai riƙe ruwa, ta kwana wata uku ƙafarta a jiƙe, saiwa ba ta samun iska, ruɓa ta shiga. Ga shi ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, sai ya tsattsage naman gindin da ya riga ya sha ruwa ya koshi. Daskarewa da narkewa a kai a kai kuma kan ɗago shukar daga ƙasa, saiwa ta fito fili. Shi ya sa za ka ga iri ɗaya, a lambu ɗaya, wadda ke kan tudu jikin bango ta rayu, ta cikin kwari ta ruɓe. In ƙasarka mai nauyi ce, gauraya ta da tsakuwa sosai, ka ɗaga wurin kamar kunya, sannan ka dasa.

Da wannan ne za ka gane dalilin da na hana ka sa mata almakashi kafin hunturu, ko da ta yi muni. Karan da yawa daga cikinsu rami ne a ciki. Ka yanke shi, ka buɗe wa ruwan sama bututu kai tsaye zuwa gindi. Busassun rassan nan da kake ganin ƙazanta ne, su ke karya iska, su tare ganye da dusar ƙanƙara a gindi, ita kuwa dusar bargo ce ga saiwa. Masu son lambu fes-fes a kaka sukan biya da shukarsu. Abin da za ka yi a lokacin shi ne ka lulluɓe kewayen gindin da ɓawon itace ko busassun ganye, kaurin santimita 5 zuwa 10, kada ka danƙara abu mai riƙe lema a wuyanta. Taki mai sa yawan ganye kuma a daina ba ta tun ƙarshen lokacin zafi, domin sabon reshe mai taushi shi sanyi ke fara ci.

Yanka sai toho ya bayyana kuma haɗarin daskarewa ya wuce. Irin taka, a sare tsohon kara zuwa ɗan sama da sabon tsiro. Masu itace a rage sulusi zuwa rabi, koyaushe a saman ido mai rai. Kada ka nutsa cikin tsohon itacen da ba shi da ko ɗigon kore, ba lalle ya sake toho ba.

Na cikin tukunya sun fi shiga haɗari, don sanyi yana kama saiwarsu ta kowane gefe. Ja su jikin bango ko ɗakin da ba ya daskarewa, ruwa kaɗan-kaɗan. Salvia patens mai shuɗin fure ana iya tone saiwarta a adana kamar ta daliya, wani fure mai saiwa kamar dankali. Salvia splendens ja kuwa, 'yar Barazil, kada ka wahalar da kanka, a ƙasar sanyi shekara ɗaya ake nomanta.

Duk da haka akwai hunturun da ke fin ƙarfin dabara. Saboda shi ne nake sa ku yankan reshe a Agusta ko Satumba: kan reshe marar fure, santimita 8 zuwa 10, a yanke ƙasan gaɓa, a cire ganyen ƙasa, a soka a yashi mai danshi cikin inuwa. Salbiya ba ta da rowar saiwa, cikin 'yan makonni sun kama. Bana kai za ka yi wannan aikin. Ita kuma ta gabanka, kafa mata sanda don kada wani ya bi ta kanta da fartanya, ka janye rufin gindin kaɗan rana ta taɓa ƙasar, ka ba ta har tsakiyar Yuni kafin ka sake kawo mini maganar tonewa.