Kafin ka biya kuɗin talla, duba wanda zai ɗaga waya

Ka tambaye ni ko mu zuba kuɗi a tallar Facebook, tunda sauran gidajen shirya jana'iza na nan Bronx suna yi. Ɗana, dakata tukuna. Mai nemanmu mutum ne da ke tsaye a barandar asibiti ƙarfe biyun dare, an gaya masa rai ya yi halinsa, yana son a yi wa mahaifinsa sutura kafin la'asar. Ba Facebook zai buɗe ba. Google zai shiga, ya kira lambar da ya fara gani.

Don haka fara da Google Business Profile ɗinmu, wato bayananmu da ke fitowa a binciken Google da taswirarsa. Suna, adireshi da lambar waya su zo iri ɗaya a duk inda aka rubuta su a intanet. In sun saɓa, taswira na iya kai masu makoki tsohon wuri. Kada ka rubuta muna aiki awa 24 sai in da gaske akwai mai ɗagawa. Saita layin ofis yadda in ya yi ƙara huɗu ba a amsa ba, kiran zai wuce wayar mai kwanan aiki. Hotuna kuwa: ƙofar shiga, mota, ɗakin wanka babu kowa ciki. Gawa ko makara da mutum a kai, ko da wasa.

Sai farashi. Tun 1984 dokar FTC, hukumar kula da kasuwanci ta tarayya, ta wajabta wa gidajen jana'iza a Amurka faɗin farashi ga wanda ya tambaya ta waya, da miƙa rubutaccen jeri ga wanda ya zo da ƙafarsa. Mu sa namu a shafinmu ma, a rarrabe: ɗauko gawa, wanka da likkafani, mota, takardun izinin binnewa. Ka bayyana cewa kuɗin kabari na makabarta ne, don a nan rigima ta fi tashi. Ka kuma rubuta ɓaro-ɓaro cewa mata ne ke wanke mata.

Sanarwar rasuwa ita ce ta fi yawo da sunanmu, ita ce kuma ta fi saurin jawo kunya. Kada ta fita sai wanda iyali suka wakilta ya duba sunan mamaci, masallaci, lokaci da makabarta. Sa lokaci biyu, na nan da na gida. Kano da Yamai suna gaban New York da awa biyar daga Maris zuwa farkon Nuwamba, awa shida a hunturu. Na Accra ka rage awa guda.

In iyali sun nemi a nuna sallar jana'iza kai tsaye, liman ma ya yarda, yi amfani da YouTube a tsarin da sai mai mahaɗin (link) zai gani. Buɗe wannan damar tun yau, domin karon farko takan ɗauki awa 24. Kafa wayar a kan sanda bayan sahun ƙarshe, da batirin ko-ta-kwana, ka gwada ƙarfin turawa ya kai megabit biyar. Masallatan da ke ƙasan bene sukan kashe sabis, sai ka roƙi intanet ɗin masallacin.

Abin da ke ci mini rai shi ne 'yan damfara. Sukan ɗauki hoton mamaci su buɗe shafin bogi a Facebook, su ce sai an sa lambar katin banki za a kalli jana'iza. A ƙarƙashin kowace sanarwa rubuta cewa kallo kyauta ne, mahaɗi ɗaya ne, daga gare mu yake fitowa.

In duk wannan ya zauna, ka gwada Google Ads da ɗan kuɗi kaɗan, ka taƙaita shi ga unguwannin da motarmu ke kaiwa cikin awa guda. Toshe kalmomin ƙona gawa da neman aiki, kada tallarmu ta fito wa masu binciken su, don kowane latsi kuɗi ne. Duk wanda ya kira, bayan an yi masa ta'aziyya an gama magana, a tambaye shi inda ya samo lambarmu, a rubuta a littafi.