Ƙanena, kada ka sayi sandar nan tukuna

Assalamu alaikum. Saƙonka ya same ni a wurin aiki, sai bayan Isha'i na zauna na karanta shi a tsanake. Barka da arziki, Allah ya sanya alheri a karatun. Na fahimci ka samu gurbin digiri na biyu a jami'ar FIU da ke nan Miyami, kuma malamin da zai duba aikinka ya ce za ku riƙa fita teku kamun wani kifi mai suna bonfish kuna ɗibar jininsa, in kana da sandar fulai, wato sandar kamun kifi da ƙwaron ƙarya, ka taho da ita. Shi ne ka shiga intanet, ka ga ta dala 1,000, ka ga ta dala 60, ka turo min hotuna har goma sha ɗaya kana cewa "Yaya, wacce zan saya da kuɗin babur ɗina?"

Babur dai ka sayar, amma kuɗin ka ƙulle su. Haya a Miyami za ta cinye su kafin ka gama gane hanyar masallaci. Maganar sanda kuwa, bari in fara gaya maka irin kifin da za ka je nema, don shi ne zai zaɓa maka kaya.

Na san kai ɗan Yawuri ne, jikan Sarkawa, ka yi karatun kifi a New Bussa, ba ni zan koya maka ruwa ba. Sai dai wannan sun ba irin namu ba ne. A gida mutum yana jefa fatsa ko ya kafa mamari ya koma gefe, ruwa ya yi masa aiki. Nan farauta ce. Bonfish, wanda a littattafanku ake rubuta Albula vulpes, yana biyo cikowar teku ya hau filayen da ruwansu bai wuce ƙauri ko gwiwa ba, yana tonon jatan lande da ƙananan ƙaguwa a cikin yashi da ciyawa. Jikinsa kamar madubi yake, duk launin da ke ƙarƙashinsa shi yake ɗauka. Dole sai ka gan shi da idonka, ka ajiye masa ƙwaron ƙarya a gabansa ba tare da ya tsorata ba. Inuwar igiya ta gifta kansa, ya tafi. Ka taka kwale-kwale da ƙarfi, ya tafi. Yawancin na Bahamas laba 3 zuwa 5 ne, na nan mashigin Biscayne kuwa sun fi girma, ana samun mai laba 8 har 10, kuma sun fi wayo saboda sun ga ƙugiya sun gaji.

Ƙwaron da ake ɗaurawa, wato fulai, gashi ne da zare a jikin ƙugiya, ba shi da nauyin da za a jefa. Igiyar ce mai nauyi, ita ake kaɗawa a iska kamar bulala ta ɗauki ƙwaron ta kai shi. Shi ya sa kowace sanda take da lamba, kuma lambar ta igiyar da za ta iya ɗauka ce. Ta bonfish lamba 8 ce, tsawon ƙafa 9, mai gaɓa huɗu don ta shiga jaka. Lamba 7 tana da daɗi ranar da teku ta kwanta, 9 tana taimako idan iska ta taso ko ƙwaron ya yi nauyi, amma mai sanda ɗaya 8 yake riƙewa. Waccan ta dala 60 da ka turo lamba 5 ce, ta kifin rafukan duwatsu, kuma ƙarafunanta ba za su yi wata biyu a ruwan gishiri ba.

Ta dala 1,000 ɗin, irin ta kamfanin Sage da manyan na kamfanin Orvis, sanda ce ta gaske, ba zan kushe ta ba. Amma bambancinta da ta dala 200 zuwa 300, kamar na TFO ko Echo ko Redington, hannun da ya shekara yana jifa ne kawai yake jin sa. A hannunka yanzu duk ɗaya ne. Har ma masu tsadar sukan fi tauri, kan kaɗai ke lanƙwasa, sabon hannu ba ya jin lokacin da igiya ta miƙe a bayansa. Ka nemi mai ɗan sassauci. Kuma kada ka saya sai ka riƙe ta: shagunan kayan su na nan sukan bar mutum ya fita bayan shago ya gwada jifa. Ka tambayi sharaɗin gyara idan ta karye, don za ta karye. Tawa ta farko ba kifi ne ya karya ta ba, fankar silin ɗakina ce.

Fitata ta farko, wani abokin aikina ne ya biya mana mai kwale-kwale. Mutumin yana tsaye a kan wani dandamali a baya yana tura mu da doguwar gora, sak yadda ake yi a kogin Kwara, ni ina tsaye a gaba ba takalmi don in ji idan na taka igiya. Suna kwatance da agogo: hancin jirgi ƙarfe goma sha biyu, hagu tara, dama uku. Can sai ya yi ƙasa da murya ya ce ƙarfe goma sha ɗaya, ƙafa arba'in, guda biyu, suna tahowa. Na zuba ido, wallahi ban ga komai ba sai hasken rana yana rawa a kan ruwa. Tabarau ɗin da ke fuskata na kwalliya ne, na gefen titi. Ya ce in jefa kawai, na jefa, igiya ta tattaru a gabana kamar taliya. Da ƙyar a jifa na uku ƙwaron ya faɗi kusa. Ya ce ja, ja, tsaya, ja. Na ji an riƙe. Sai hannun gida ya motsa, na fizge sanda sama kamar na kama tarwaɗa, ƙwaron ya fito daga bakinsa ya wuce ta gefen kunnena. Mutumin bai ce min uffan ba, ya tofar da yawu ya ci gaba da tura jirgi. Bakin bonfish yana da tauri, ba a kafa masa ƙugiya da ɗaga sanda. Kan sanda yana kallon ruwa, ka ja igiya da hannun hagu ja ɗaya mai tsawo, sai ya ɗauki gudu sannan ka ɗaga.

To a nan nake so kuɗinka su fara zuwa: tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, mai gilashi ruwan tagulla ko ruwan ƙasa, ba baƙi ba. Costa da Smith su aka fi sawa, amma akwai masu sauƙin kuɗi da suke aiki. Tun da kana sa gilashin magani, ka taho da takardar awon idonka a yi maka shi da ƙarfin idonka. Ka haɗa da hula mai baki wadda ƙasan bakinta duhu ne. Ko da tabarau sai ido ya koyi aikinsa: inuwar kifin a kan yashi ake nema, ko wutsiya tana ƙyalli a sama lokacin da ya kafa kai yana tono, ko wurin da ruwa ya ɗan yi tsumagiya alhali babu iska.

Sai igiya, inda na yi asara ta biyu. Na ga an karya farashin wata a wani shago, na ce na tsinci dami a kala. Ashe ta ƙasashen sanyi ce. Rana ta buga ta a kan jirgi ta yi laushi tana manne wa yatsu, tana ƙin bin zobban sanda, tana ƙullewa a daidai lokacin da kifi ya zo. Araha ba ta ado. Ka sayi wadda aka rubuta ta ƙasashen zafi ce, mai shawagi a saman ruwa, mai nauyi a gaba, lamba 8. Rio da Scientific Anglers duk suna yin ta bonfish takanas, kuɗinta yakan kai dala 100. Yana da ciwo, amma sanda mai araha da igiya mai kyau ta fi sandar dala 1,000 da igiyar banza nesa ba kusa ba.

Kwarkwaron da ake naɗe igiya, a rafi ma'aji ne kawai, a nan kuwa shi ke faɗa da kifi. Gudun farko bonfish yakan zare igiyar duka, wadda tsawonta wajen ƙafa 100 ne, ya shiga siririn zaren da ke ƙarƙashinta, kana ji kwarkwaro yana kuka. Don haka ka nemi wanda zai ɗauki yadi 150 zuwa 200 na wannan zaren mai ƙarfin laba 20, mai faɗin baki don naɗi ya yi sauri idan kifin ya juyo kanka, mai birki rufaffe wanda gishiri da yashi ba sa shiga. Birkin ya tashi lami lafiya, kada ya yi fizga, kuma kada ka ɗaure shi tamau. Idan yana gudu ka janye yatsunka daga mariƙin, zai fasa maka farce. Kowace rana kuka dawo, ko ka gaji kamar me, ka wanke sanda da kwarkwaro da ƙwarin da ruwan famfo ka shanya a inuwa. Gishiri ba ya yafiya.

Tsakanin igiya da ƙwaro akwai zare garai-garai mai tsawon ƙafa 9 zuwa 12, ƙarshensa mai ƙarfin laba 12 ko 16. Ranar da ruwa ya kwanta ka ƙara tsawo.

Ƙwarin kansu kada ka tara akwati. Ka samu wanda ake kira Gotcha, da Crazy Charlie, wanda ya ci sunan Charlie Smith, wani shahararren mai jagorar masunta a tsibirin Andros na Bahamas, sai ɗaya mai kama da jatan lande da ɗaya mai kama da ƙaguwa, ƙugiya lamba 4 da 6. Abin lura nauyin idanunsu ne fiye da launi. Ruwa iya idon sawu yana son marar nauyi wanda zai sauka shiru, iya gwiwa mai idon ƙananan duwatsun sarƙa, mai zurfi ko mai gudu sai mai idon dalma. Launi kuwa ka kalli ƙasan ruwan ka kwaikwaya. A Biscayne ciyawa ta yi yawa, ka ɗauki masu ɗan tsinken lailon a gaban ƙugiya don kada su yi ta kwaso ta. Ka matse ƙayar ƙugiya da filaya, fitar da ita daga bakin kifi zai yi sauƙi, daga kunnenka ma haka.

In za ku taka ruwa da ƙafa, takalmi mai rufe idon sawu da safa, kuma ka riƙa jan ƙafa a ƙasa maimakon ɗagawa. Kunamar ruwa da ka sani a kogunanmu tana da 'yan'uwa a nan, kwance cikin yashi. Riga mai dogon hannu, da ƙyallen rufe wuya da fuska. Kada ka ce baƙar fata ba ta ƙuna. Na faɗi haka, na yi sati bayan wuyana yana saɓa.

Yanzu abin da na san zai ba Baba dariya idan ka gaya masa: duk wannan wahalar, kifin sakinsa ake yi. Sunansa ma daga yawan ƙayarsa ya samo asali. A Hawai ana kankare tsokarsa a ci, amma a Fulorida tun 2013 doka ta ce kamawa da saki kawai, Belize ma ta yi irin wannan dokar tun 2009. Kifin da rai ya fi kawo musu kuɗi, don baƙi suna biyan mai kwale-kwale ɗaruruwan daloli a yini ɗaya. Ka jiƙa hannu kafin ka taɓa shi, kada ka goge santsin jikinsa, kada ka fito da shi iska don hoto fiye da 'yan daƙiƙu. Wanda ya galabaita, kifin shak ne ke jiransa a bayan jirgi. Aikin ɗibar jinin da za ka shiga ma ba ƙarami ba ne: a 2022 jami'arku da ƙungiyar Bonefish & Tarpon Trust sun fitar da sakamakon gwajin kifi 93 na kudancin Fulorida, kowanne aka samu matsakaicin magungunan ɗan Adam iri bakwai a jikinsa, ɗaya har 17, daga ruwan ƙazanta da ke gangarawa teku. Fitar bincike tana da takardar izininta. Ranar da ka fita don kanka a ƙarshen mako, ka yanki lasisin su na ruwan gishiri ko da saki za ka yi.

Na ga ka ambaci Bahamas. Daga nan zuwa Nassau tafiyar kusan awa ɗaya ce a jirgi, kuma farin yashin Andros da Abaco shi ne inda sabon hannu ya fi saurin ganin kifi. Amma kai da fasfo ɗin Najeriya da bizar ɗalibi, fita ba wuya, dawowa ce abin dubawa. Kada ka sa ƙafa waje sai ofishin ɗaliban ƙasashen waje sun duba bizarka sun sa hannu a takardarka ta I-20. Kuma kada wani ya ruɗe ka da aikin shagon kayan su don a rage maka farashi. Izininka na aiki a cikin makaranta ne, awa 20 a mako.

Za ka sauka a watan Agusta, ga zafi ga damina ga lokacin guguwa, kifin ma sai da sassafe yake hawowa. Kana da wajen wata biyu kafin ruwa ya yi daɗi, kuma a kan ciyawa za mu cinye su. Akwai wani fili kusa da gidana, bayan Asuba nake zuwa in ajiye faranti a ƙafa 40 in yi ta jifa, masu yawo da karnuka suna kallona kamar wanda ya taɓu. Ba nisa ake nema ba. Ka iya sauke ƙwaro a farantin nan da kaɗawa biyu ko uku, iska tana bugun kafaɗarka ta dama, ka koyi jan igiya da hagu a kaɗawar baya da ta gaba. Sandata ta biyu, lamba 8, tana bayan ƙofa da kwarkwaronta, ka riƙe ta har ka san irin wadda hannunka yake so. Ka turo min lambar jirgi da lokacin sauka. Yaji da kuka da daddawa ka taho da su ka nuna wa jami'an kwastan, kilishi kuwa ka cinye abinka a Abuja, nama ba ya wucewa. Ka gaida Inna da Baba.