Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Sinadarin E473 da Danginsa a Abincin Leda

Likita, na ga an rubuta E473 a bayan ledar kek ɗin da nake saya wa yarana. Mene ne shi, kuma yana cutarwa? (Wata uwa daga Kaduna)

Hajiya, sinadari ne da ake haɗawa daga sukari da wani ɓangare na mai, kuma aikinsa shi ne ya sa ruwa da mai su gauraya su zauna tare ba tare da sun rabu ba, shi ya sa ake zuba shi a kek, askirim da wasu abubuwan sha na gwangwani. Idan ya isa hanji, yawancinsa yakan warware ya koma sukari da mai.

A shekarar 2004 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ƙayyade miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, yayin da kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ya tsaya a kan 30. Ke nan yaro mai kilo 15 iyakarsa miligiram 600 a ma'aunin Turai, kuma saboda ƙanƙantar jikinsu yara sun fi manya saurin kai wa wannan iyaka. Abin da aka gani ga waɗanda suka ci da yawa shi ne kumburin ciki da sakin bayan gida. A ganina, kek jefi-jefi ba abin damuwa ba ne; wanda ake sa wa yaro a jakar makaranta kullum shi ya kamata a rage.

Ina da ciwon sukari. Shin zai ɗaga mini sukarin jini? (Wani dattijo daga Maraɗi)

Baba, abin da ake zubawa kaɗan ne ƙwarai. Sukari da fulawar da aka yi kek ɗin da su ne za su ɗaga maka sukarin jini.

Halal ne kuwa? (Wani ɗalibi daga Zariya)

Hukunci na malamai ne, amma ga abin da ya shafi ilimin: man da ake amfani da shi yana iya fitowa daga tsiro, kamar manja, ko daga kitsen dabba, kuma lambar kaɗai ba ta bayyana wannan. Ka duba tambarin halal ko rubutun da ya nuna daga tsiro yake, domin lambar NAFDAC rajistar kaya take nunawa, ba asalin man ba.

Na ji an ce irin waɗannan sinadarai suna lalata hanji. Gaskiya ne? (Wata ma'aikaciyar jinya daga Jos)

Malama, maganar ta samo asali ne daga wani bincike da aka yi a Amurka aka wallafa a 2015, inda aka bai wa ɓeraye E433, wanda tushensa wani dangin sukari ne, da kuma E466, waɗanda su ma sinadarai ne da ake zubawa a abinci don irin wannan aikin. Ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke hanjinsu sun canja, majinar da ke kare bangon hanjin ta ragu, wasunsu suka kamu da kumburin hanji. Sai dai E473 ba ya cikin abin da aka gwada, kuma sakamakon ɓera ba ya zama hukunci a kan ɗan Adam kai tsaye. Duk da haka, majinyacin da ke fama da kumburin hanji mai daɗewa nakan shawarce shi ya rage abincin leda, ya kuma gaya wa likitansa idan ya lura wani abinci yana tayar masa da ciwon.