Tambayi Bakanike: Hilux ɗina tana ƙwanƙwasa, inji ne zai buga?

TAMBAYA: Salamu alaikum Oga. Ina da tsohuwar Hilux mai injin 22R na fetur, da ita nake jigilar masara daga Dandume zuwa Funtuwa. Kwanan nan ta tsiro da wata ƙara, kar-kar-kar, in na tayar da safe ta fi yawa, in ta ɗau zafi sai ta ragu amma ba ta ɗaukewa. Wani bakanike ya ce metal ne, wato faifan ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kansu a ƙasan inji, a sauke inji, wani kuma ya ce in zuba baƙin mai mai kauri shikenan. Wa zan bi?
Mai karatu daga Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Kar ka bi ko ɗaya tukuna, musamman ma na biyun, don mai mai kauri rufe wa ƙarar baki kawai zai yi, ciwon yana nan yana ci. Kuma don Allah a daina yi mata lodi sai an gano.

Fara da abin da ba ya cin ko sisi. Zaro sandar auna baƙin mai ka murza man a yatsa cikin rana, in ka ga yana ƙyalli da ɓurɓushin ƙarfe to metal ya fara ci, in kuma ya koma kalar shayi da madara ruwa ne ya shiga. Ka lura da jar fitilar mai, tana jinkirin mutuwa in ka tayar? Tana ƙifta ido a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, in mota ta yi zafi? Wannan ba alamar alheri ba ce.

Sannan ka sami doguwar sukundireba, ka ɗora bakinta a jikin inji, ƙotar a kunnenka, kana matsawa daga sama zuwa gaba zuwa ƙasa, amma ka tattare babbar riga saboda fanka da fanbel. In ƙarar a sama take, siririya, tik-tik-tik, tafet ne, wato abin da ke danna bawul, saiti kawai yake so, tazarar 0.20mm a bawul na shiga 0.30mm a na fita, inji da zafinsa. In a ƙasa take mai nauyi, dum-dum, kuma tana ƙaruwa in ka taka totur ko inji ya yi zafi, a nan ne maganar metal ta taso. Sa bakanike ya riƙa cire wayar filogi ɗaya bayan ɗaya mota na silo, wadda aka cire ƙarar ta lafa, to a silindar nan matsalar take.

Ni dai yadda ka kwatanta, taimin cen na fi zargi, wato sarƙar da ke gaban inji, don ƙarar metal ba ta cika raguwa da zafi ba, sai ma ta ƙaru. Injin 22R da yawa sarƙa mai layi ɗaya gare su, kuma abin da ke tare ta roba ne, in ya tsufa sai ya farfashe sarƙar ta dinga dukan murfin gaba, da safe kafin mai ya hau ya ɗaure ta ne ta fi surutu. Mutane suna raina wannan ƙarar alhali in aka bar ta sarƙar na iya cinye murfin har ta huda hanyar ruwa, ruwan lagireto ya gangara cikin baƙin mai, daga nan kuma metal ɗin da ake tsoro ya ci da gaske. Ganewa ba wuya, a buɗe murfin saman inji a haska tocila ta wajen sarƙar, za a ga ko robar ta karye ko sarƙar ta yi wa murfin zane.

In kuwa a hawa kaɗai take yi da kaya, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, wannan taimin wutar filogi ne ya yi gaba ko fetur ɗin bumburutu, a saita distiributa a canza wajen shan mai.

In ta tabbata sarƙa ce, sayi saitin gaba ɗaya a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, har da tenshona mai ɗaure sarƙar da robobin, kuma ka tsaya a kwance tukunyar mai ta ƙasa a kwashe gutsattsarin robar, don su ne suke toshe rariyar famfon mai.