Tambayoyinku: Faifan ajiya a jikin rauta

Mai shagon buga takardu daga Wunti, Bauchi: Na jona filash a rauta (na'urar da ke raba Wi-Fi) don kwamfutocin shago su riƙa ɗaukar aiki daga wuri guda. Fitilar rauta na nuna ta gane shi, amma Windows 11 ta ce babu komai.

Malam, rautarka tsohuwa ce, da wani tsohon tsari mai suna SMB1 take rabon fayil, shi kuma Microsoft ta daina kunna shi tun a Windows 10. Shiga saitin rautar ta 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ka nemi wurin rabon fayil, ka zaɓi SMB2, tsarin da ya gaje shi. In babu, sabunta manhajar rautar. Wani yaron kasuwa zai ce ya kunna maka SMB1 a kwamfuta cikin minti biyu. Kar ka yarda. Ta wannan ƙofar muguwar manhajar nan mai suna WannaCry ta shiga kwamfutoci a 2017.

Ɗalibi daga Gwallameji: Fayil ɗina mai 6GB ya ƙi shiga, alhali akwai fili.

Tsarin ajiyar fayil na filash ɗinka FAT32 ne, ba ya karɓar fayil guda da ya wuce 4GB. Kwashe kayanka, ka mayar da shi tsarin NTFS, ko exFAT in rautar na karanta shi. Ban tambaye ka wane darasi ne ke cin 6GB ba.

Mai ɗaukar hoton biki daga Yelwa: Faifaina na 1TB kullum yana jikin rauta. Kwanan nan sai ya riƙa ƙas-ƙas yana ɓacewa yana dawowa. Jiya aka ɗauke wuta, yau na sa shi a kwamfuta ta ce sai an yi fomatin. Hotunan bukukuwan mutane duk suna ciki, ban da su a ko'ina.

Jimlarka ta ƙarshe ce ta tayar mini da hankali, ɗan'uwa. Amaren mutane, kamu, ɗaurin aure, buɗar kai, duk ka tara a faifai ɗaya, ka rataye shi a bayan rauta, a garin da ake ɗauke wuta ba sallama. Me za ka ce wa uwar amarya?

Da farko, kar ka danna fomatin ɗin nan. Kar kuma ka mayar da faifan jikin rauta.

Abin da ya faru shi ne yunwar wuta. Faifai irin naka yana da injin da ke juya shi, kuma lokacin tashi ya fi zuƙar wuta. Ramin USB 2.0 abin da aka tsara masa 500mA ne, na USB 3.0 kuma 900mA, ita kuwa rauta da 'yar cajarta take ciyar da kanta da faifan gaba ɗaya. Sai ya fara juyawa, wuta ta gaza, ya tsaya, ya sake tashi. Ƙas-ƙas ɗin ke nan. Da aka ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu, sai tsarin da ke nuna inda kowane fayil yake ya hargitse. Mai yiwuwa hotunan na nan, hanyar kai wa gare su ce ta ɓace.

Sa shi a kwamfuta da gajeriyar wayarsa ta asali, ka kasa kunne. In yana juyawa lafiya, manhajojin ceto fayil irin su TestDisk ko PhotoRec, waɗanda kyauta ne, za su iya kwaso maka kaya, amma a wani faifan daban za ka zuba su. In har a kwamfutar ma yana ƙas-ƙas, cire shi nan take. Kowane kunnawa ƙara masa rauni yake. Sai masu aikin ceto bayanai, kuma ka shirya aljihu. Mai gyaran waya da ke son buɗe shi da sukudireba, ka ce masa na gode.

In Allah Ya sa ka tsira, faifai biyu za ka saya, ba ɗaya ba. Duk aikin da ka dawo da shi, kafin ka goge katin kyamara, ya zauna a wuri biyu, ɗayan a cire shi a sa a durowa. Ni ko hoton suna ba na yarda ya kwana a wuri ɗaya. Wanda zai zauna a rauta ya zama mai cajarsa, ko ka haɗa shi ta mahaɗin USB mai wutar kansa. Rautar da faifan su kasance a kan inbata ko ƙaramin batirin rauta, don sauyawa zuwa janareta ma ɗauke wuta ce a wurin faifai. Kuma akwai maɓallin cire faifai lafiya a cikin saitin rauta. Ba ado aka sa shi ba, a daina fizga.

Wata Hajiya daga Fadamar Mada: Tunda yarona ya jona faifai, Wi-Fi ya yi sanyi.

Hajiya, ba laifin kamfanin layi ba ne wannan karon. USB 3.0 na kutsa wa zangon Wi-Fi na 2.4GHz. Ku koma zangon 5GHz, ko a sa doguwar waya a nisanta faifan da eriyar rauta.

Wani daga Azare: Na jona filash a MiFi, shiru.

A yawancin MiFi, ramin nan na caji ne. Cire filash ɗinka.