Fitilun ado a cikin mota: inda za ka jawo wutar ya fi launin muhimmanci

Tambaya: Assalamu alaikum masta. Ina da Corolla ta 2014 da nake ɗaukar fasinja da ita da dare a nan Kumasi. Na sayo fitilun LED masu canza launi, na maƙalawa ƙarƙashin dashbod da kujeru. Wani abokina ya ce a jona su kai tsaye da batir. Haka ne? Kuma zan iya yi da kaina? Daga wani mai karatu a Aboabo.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka bi ta abokin nan naka. Fitilar ba ta da wata matsala, wayar da za ta kai mata wuta ce abin tsoro.

Batirin ƙaramar mota volt 12 ne, idan inji na aiki ya kan hau zuwa 14 da ɗan abu. Fara duba kwalin: in an rubuta 12V, ta mota ce, in 5V ce, ta USB ce, sai dai ka soka ta a caja, in ka ba ta wutar mota za ta ƙone nan take. Zaren LED irin 5050 mai ƙwai 60 a mita yana shan kusan amfiya 1.2 a kowace mita idan an ƙure haskensa. Ba wani abu ba ne, amma ka manta shi a kunne daga isha'i zuwa asuba a kan tsohon batir, da safe sai ka nemi masu turi. Ko ka kashe da rimot, ɗan akwatin da ke canza launin yana nan yana lasar wuta.

Shi ya sa muke jawo wuta daga layin da ba ya kawowa sai an murɗa makulli. Hanya mafi sauƙi ita ce soket ɗin kunna sigari: cire makulli, soka caja, in ta mutu to layin ya yi. In kana son aiki mai tsabta, akwatin fis na cikin mota za ka nema, a Corolla yana ƙarƙashin dashbod ta gefen direba. Akwai ɗan abin jawo wuta daga fis da ake sayarwa a Suame Magazine, wajen masu kayan mota a nan Kumasi, ana cire fis ɗin soket a soka shi a gurbinsa. Rami biyu gare shi, ɗaya na tsohon fis, ɗaya na sabon layi, a na sabon layin sai ka sa fis na amfiya 3, iyaka 5. Tafi da fis ɗin motarka a aljihu, don girmansu ba ɗaya ba ne. Baƙar wayar fitilar kuma a ɗaure ta da noti a jikin ƙarfen mota, inda babu fenti.

Bara aka kawo min wata mota tana warin roba. Da muka ɗaga kafet, sai ga siririyar waya da aka jawo daga batir babu fis, an murɗe ta da hannu an naɗe da salatif. Ƙarfen kujera ya yi ta cin rigarta har ya kai tagulla, ta narke ta bar baƙin layi kamar an ja da gawayi tun daga ƙofa har ƙarƙashin direba. Allah ne ya rufa asiri. Aikin fis ke nan: ya ƙone shi kaɗai kafin mota ta kama.

Duk wayar da ka gani da rawayar riga ko rawayan soket, musamman ƙarƙashin kujera da wajen sitiyari, ta jakar iska ce mai fashewa lokacin haɗari. Ko gwadawa kada ka yi. Kada kuma ka bi da waya ta gefen gilashin gaba, motoci da yawa suna da jakar a can.

Sai gam. Wanda ke bayan zaren ba ya jure zafinmu. Ajiye mota a rana a Kejetia na awa biyu ka gani. Goge wurin da sipirit, ya bushe, ka manna, sannan ka ƙara ɗaurewa da ɗan zaren roba mai zugewa. Ta gefenka dai ka fi tsanantawa, don waya ta saki ta naɗe birki ba wasa ba ne. In zaren ya yi tsawo, a kan alamar almakashi kaɗai ake yankewa.

Launi kuwa ra'ayi ne, amma ni ba na son shuɗi mai ƙarfi ga direban dare, yana dawowa a gilashi ya kashe ido. Ɓoye ƙwayayen, haske ya sauka ƙasa wajen ƙafa, ka rage shi. Ja mai laushi ko ruwan lemo ya fi. Mai ƙyaftawa ja da shuɗi ka bar wa 'yan sanda da motar asibiti, in ba haka ba za ka sha tsayarwa a hanya.

Na soket za ka iya yi da kanka cikin rabin awa. Na akwatin fis, in ba ka taɓa riƙe fitilar gwaji ba, kai wa mai gyaran wayar mota, ka tsaya a kansa har ya nuna maka fis ɗin da ya sa.